Maƙwabciyar Adda

Ni ce ɗiyar fari a wurin uwata, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba faɗa muka yi ba. Haka abin yake a wajenmu: mace tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ƙasa sai ta dubi wani wuri har wata ta zo ta ɗauke shi. Wasu matan suna yi sama-sama, shekara biyu ko uku su gaji. Tawa ba ta gaji ba. Uwarta Bafulatana ce daga wajen Giyawa, can ta ɗauko kunyar, ta riƙe ta hannu bibbiyu kamar abin da za a tambaye ta ranar lahira.

Ana yaye ni aka kai ni Wurno wurin kakata ta wajen uba. Ita nake ce wa Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata da aka aurar ƙauye. In an je da ni gidanta kusa da Lahodu da salla, sai ta ajiye kwanon tuwo a tsakar gida ta ce, "Mai jin yunwa, ga abinci nan." Babu kowa a wurin sai ni da kaji. Da na yi wayo na zama "waccan". Da na gama makarantar koyon jinya a Sakkwato na kama aiki, sai aka yi mini ƙarin girma na zama "ma'aikaciya". Ban ƙara samun wani ƙarin girman ba.

An fara tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Rabah, ɗaki biyu da baranda. Likita yana zuwa in ya zo. Wanda ya taɓa zama irin wurin ya san ma'aikaciyar jinya ita ce komai. Ke ce ta jariri, ke ce ta mai ciki, ke ce ta tsohon da tari ya hana shi salla a tsaye, ke ce ta manomin da lauje ya sare shi ya cusa toka a ciwon ya jira kwana shida kafin ya zo.

A can wata rana aka kawo mini yaro jikinsa zafi rau. Uwarsa yarinya ce makiyayiya, uwar mijinta ce ta rako ta. Na ce yaushe ya fara? Shiru. Yana shan nono? Shiru. Ta juya fuska bango kamar yaron na wani ne ta tsinta a hanya. Tsohuwar ce ke amsawa, kuma duk abin da na tambaya sai ta ce tun jiya. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Na ce wa yarinyar in ba ta son ɗan ta ba ni, ina da wurin ajiye shi.

Akwai wata tsohuwar ungozoma da ke taimaka mana, ta ja ni baranda. Ta ce, "Malama, ɗanta na hwari na. Ke ba ki san wannan ba?" Na ce na sani, ni ma ta fari ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, ba a gani ba." Ta koma ciki ta aiki uwar mijin ɗebo ruwa, sannan ta tsuguna kusa da yarinyar ta ce, "An ce ɗan maƙwabtanku ba shi da lahiya. Kwana nawa ke nan?" Yarinyar nan, fuskarta na bango, ta zayyano komai. Kwana huɗu. Ya yi amai sau uku. Ya kama nono da asuba ya saki. Fitsarinsa ya yi ja. Ko wadda ta yi karatu ba za ta kawo bayani haka ba. Yaron ya warke.

Na ɗauki dabarar nan na yi ta aiki da ita. Da aka mayar da ni wajen Taloka a ƙasar Goronyo, har koya wa sababbin ma'aikata nake yi, ina ɗaga kai kamar ni na ƙirƙiro ta. Na faɗi wannan ne don a san wautar da na yi daga baya ba ta rashin sani ba ce.

Bayan wasu shekaru na koma ƙarin karatu. Na koyi duba iyali gaba ɗaya, daga jinjiri har kakansa, da rubuta maganin da aka yarda irina ta rubuta, da sanin inda iyakata take in tura mutum gaba. Muna da wata malama gajeruwa mai tabarau, ita ce ta dasa mana ƙa'ida guda: ba a jinyar saƙo. In mutum ya zo ya ce matata na gida kanta na ciwo, ba ni magani, kada ki ba shi. A kawo mai kan. Ki gani da idonki, ki auna da hannunki, sannan ki rubuta. Na haddace wannan fiye da yadda na haddace wasu surorin, Allah ya yafe mini.

Da na gama aka ba ni wani asibiti a ƙasar Wurno, ba nisa da ƙauyen su Adda. Lokacin babanmu ya rasu, Inna ma ta rasu, Adda na zaune da ƙanena da matarsa. Na yi wata biyar a wurin ba ta leƙo ba, ban kuma sa rai ba.

Wata ranar kasuwa, farkon rani, na ɗaga labule in kira na gaba sai na gan ta a ƙarshen benci. Duk wanda ya zo bayanta sai ta ce ya wuce. Sai da baranda ta zama babu kowa sannan ta shigo. Ta zauna a karkace, ta fuskanci firij ɗin da muke ajiye allurar rigakafi, ta gaishe shi.

"Ma'aikaciya, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Adda. Ƙaƙa gida?"

"Gida lahiya. Wata maƙwabciyata tat turo ni. Kanta na ciwo, nan ga ƙeya, da sahe. In ta duƙa shara sai ta ga wuta-wuta. Kunnenta na ƙugi kamar injin ban ruwa."

Duk ɗalibar da ta yi wata shida a makaranta za ta ce a auna jinin matar nan, hawan jini ne ake zato. Ni ma na yi zaton. Abin da ban yi zato ba shi ne wace ce matar. Ranar na ga mutum ya fi arba'in, ban ci komai ba tun koko, sai na sauke wa maƙwabciyar nan duk gajiyata. Na ce ba ta da ƙafa ne? Na ce a faɗa mata ba a jinyar saƙo. Na ce irinsu ne ke zaune da ciwo suna ɓoyo har ya kayar da su, sannan a ɗauko mana su a amalanke a ce mu yi abin al'ajabi. Na ce in nan ne ba ta so, ga babban asibiti can Wurno, ta tafi.

Adda ta saurara har na gama. Ta ce wa firij, "Tac ce ba ta son hannun baƙo. Ta ji an ce akwai wata ma'aikaciya nan, hannunta na da sauƙi."

Na ce, "To ta kawo kanta ga hannun."

"Za a hwaɗa mata."

Ta tashi. Bayan ta fita na ga kwalbar man shanu a gefen firij, ba a ce ta wa ce ba.

Ran Juma'a na ɗauki abin awon jini na hau babur ɗin kabu-kabu na tafi ƙauyen, ina ganin kaina mai tausayi, tunda maƙwabciya ta ƙi zuwa ni na je. Adda maƙwabciya ɗaya gare ta ta kusa, zana ce kawai ta raba gidajensu. Ƙatuwar mace ce mai murya, sana'arta gabu, wato ganyen albasa da ake yankawa a daka a dunƙula a shanya don miya. Na same ta cikin tulin ganye tana yanka. Na ce na zo duba ciwon kan nata.

"Ni? Ciwon kai? Ni ka sa ma mutane shi, Malama."

Duk da haka ta miƙo damtse don ba ta ƙin abin kyauta. Da ƙyar ƙyallen awon ya zagaye shi. Na matsa iska, na saurara. Jininta ya fi nawa kyau. Na ce amma Adda ta ce kina ganin wuta-wuta in kin duƙa. Matar nan ta daina yanka. Ta ajiye wuƙa, ta turo baki wajen zana. Can bayan zanar ana daka tun shigowata, yanzu dakan ya tsaya.

Kai! Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ni da ke koya wa mutane dabarar ɗan maƙwabta, an yi mini ita a ɗakina, a kan kujerata, ban gane ba. Har zagi na aika. Kuma na san dalili. Ban taɓa kawowa a raina cewa Adda na da ƙeya ba. Ban taɓa ganin ta kwance ba, ban taɓa ganin tana cin abinci ba. Mace ce da ke ajiye kwano ta wuce.

Daga ranar abin da ke gabana ɗaya ne, in naɗa ƙyallen nan a damtsen Adda kafin jinin ya kayar da ita. Na san yadda yake yi. A Taloka an taɓa kawo mini wata mata a amalanken shanu, ɓarin jikinta ya shanye, miyau na zuba, 'ya'yanta na cewa ai ba ta taɓa ciwo ba, ƙeya ce kawai take ɗan cewa. Ta yi shekara biyu ana juya ta a tabarma.

Na fara da wayo. Matar ƙanena ta haihu, ranar suna na zo da kayan aikina na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce yau duk macen da ta ci tuwon sunan nan sai an auna ta, kyauta. Mata suka yi layi suna dariya. Na auna talatin da wani abu. Na samo uku masu hawan jini da ba su sani ba, da wata mai ciki da ba ta faɗa wa kowa ba. Da layi ya kusa ƙarewa na ɗaga kai, aka ce Adda ta fita neman akuya. Akuyar na nan ɗaure a turke tana kallona.

Adda ta ci gaba da zuwa duk ranar kasuwa. Ta jira kowa ya tafi, ta shigo ta gaida firij, ta ba da labarin maƙwabciya. Yau da sauƙi. Yau ta ga juwa a bakin rijiya. Ni kuma in ba da saƙo: a rage gishiri, a rage kanwa, a rage goro, a daina ɗaukar tulu. Ta ce za a faɗa mata. In ce har yanzu dai sai an auna. Ta ce za a faɗa mata. Haka muka yi har aka gama cirar albasa, wata huɗu.

Ban ba da maganin hawan jini ba, kuma ta fuskar aiki ina da hujja. Ba a ba mutum shi da ka. In ba ki san inda jinin yake ba, kina iya saukar da shi fiye da kima ki kayar da mutum da hannunki. Wannan gaskiya ce, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Ina da abokiyar aiki a Wurno, mace mai haƙuri, da na roƙe ta ta je ƙauyen ta gwada, wataƙila da an dace. Ban roƙe ta ba. So nake Adda ta juyo daga firij ɗin nan ta dube ni ta ce, ni ce. Shekara talatin da shida ina jiran ta ce mini wani abu kai tsaye, yanzu ciwo ya kawo ta hannuna, sai na riƙe ciwon kamar igiya ina ja. Haushinta nake ji. Ina son ta, kuma haushinta nake ji, na kuma sa wa haushin farar riga na kira shi ƙa'ida.

Wata ranar kasuwa na ɗaga labule ban gan ta ba. Matar ƙanena ce a ƙarshen benci da goyo. Ba ta jira layi ba.

"Yaya, jiya da hantsi taɓarya ta suɓuce ma Adda daga hannun hagu. Bakinta ya ɗan karkace, magana ta yi nauyi. Kahin azahar ya sake ta. Tac ce kada a hwaɗa miki. Tac ce in kin ji, a ce maƙwabciya ta."

Na bar wa abokin aikina sauran mutane. Ban tuna yadda na hau babur ba, na dai tuna na ce wa mai shi in ya ƙara rage gudu saboda rami zan karɓi tuƙin. Na sami Adda zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake da hannu ɗaya. Ban yi sallama mai kyau ba. Na tsaya a kanta da abin awo na ce, "Adda, yau ko ki miƙo hannun nan ko in kama shi da ƙarhi. Na gaji. Ke ta, ba wata maƙwabciya. So kike ki mutu don kada ki dube ni?"

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Matar ƙanena ta shige ɗaki da gudu. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya bango, ta ce da murya mai ɗan nauyi, "Ma'aikaciya ta sha rana. A ba ta ruwa."

Na tsaya nan da karatuna duka a hannu. Ina iya kama hannun da ƙarfi, ba ta da ƙarfin hana ni. Amma na san in na yi haka ba za ta ƙara taka asibitina ba, kuma duk ƙwayar da na ba ta a bayan ɗaki za ta ƙare. Hawaye suka zo mini, na haushi, irin masu zafi.

Sai na ji murya daga bayan zana. "Malama! Taho nan ga zana ki duba ni, jikin nawa ya tashi."

Mai gabu ce. Na juya zan ce mata ba yau ba, sai na ga bakin wuƙarta ya ɓullo ta cikin zana. Ta yi ta yanka, ƙaras ƙaras, har ta fitar da kafa mai faɗin bakin kwano daidai kafaɗar mutum in yana zaune. Sannan ta ɗaga murya ta kira Adda da sunan da suke kiran juna. "Taho ki riƙe ni, ƙawata. Tsoron abin nan mai matse hannu nike ji."

Adda ta ajiye faifan wake. Ta dafa bango ta tashi, ta bi ta gabana ba ta dube ni ba, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ta fita ƙofar gida, ta zagaya, na ji ta yi sallama gidan maƙwabciya kamar ta shekara ba ta shiga ba. Na ji an jawo kujera. Jim kaɗan hannun hagu ya fito ta kafar zana har kafaɗa.

Damtsen mai gabu na sani, na auna shi, ya kusa turmi. Wannan siriri ne, fata ta saki, akwai shaidar tsohon awarwaro a wuyansa. Na kifar da turmi na shimfiɗa ɗankwalina a kai na ɗora shi. Tun da aka yaye ni ban taɓa jikin matar nan ba, na kafin yaye kuma ban tuna ba. Na naɗa ƙyalle. Ya zagaya har ya yi saura. Na sa abin saurare a kunne na matsa iska, ina jin jininta na bugawa a kunnena da sauri kamar na wadda ta yi gudu.

Lambar da na gani ba zan rubuta ta ba. Masu irin aikina in sun ji za su dafe kai, sauran mutane kuma ba za ta yi musu amfani ba.

Ƙa'ida ta ce in awo ya yi sama sosai a bar mutum ya huta minti biyar a sake. Ƙa'ida ba ta ce a riƙe hannun ba. Na riƙe. Na ce, "A matse yatsuna in ji ƙarhin hannun," don wannan ma aiki ne, ana yi. Yatsu uku suka matse ni. Ƙaramin da na kusa da shi ba su iya ba, suna nan kwance a tafina. Waɗannan biyun ni na jawo su, da watanni huɗun nan nawa. Da na gama gwajin, ukun ba su saki ba, ni ma ban ce a saki ba.

Na sake awo. Ya sauka kaɗan, ba abin kirki ba.

Mai gabu ta ce daga can, "Ƙaƙa, Malama? Ina rayuwa?"

Na ce, "Kina rayuwa in Allah ya so, in kin sha magani kullum. Amma wannan ya hi ƙarhina. Yau za a kai ki Sakkwato likita ya gan ki."

"To, ni dai ga ganye na yanka, ba ni barin shi ya lalace."

Sai muryar Adda ta ce, "Ni ka raka ta."

Haka aka yi. Maƙwabciya ta zauna gida tana dakan gabu, Adda ta raka ta Sakkwato. Ƙanena ya samo mota, ni a gaba, ita a baya, har muka isa. Likitan saurayi ne, baƙo, ba ta haife shi ba, saboda haka ta faɗa masa komai tiryan-tiryan ina tsaye a bayan ƙofa ina ji. Da ya gama ya fito ya ce wa ke duba ta tun farko? Na ce ni ce. Ya ce tun yaushe take kukan ƙeya? Na ce wata huɗu. Ya dubi farar rigata, ya dubi takardarsa, ya wuce abinsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ta kwana uku a can aka sallame ta da magani. Ƙafar ta dawo daidai, baki ya koma wurinsa. Yatsun nan biyu ba su dawo ba.

Yau shekara biyar ke nan. Duk Juma'a in na tashi aiki ina zuwa ƙauyen. In na yi sallama Adda ta amsa wa kaji, ta ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa maƙwabciya. Ni in kifar da turmi in zauna. Hannu ya fito. Mai gabu kuma ba ta fasa tambaya, "Malama, yau ƙaƙa jikina?" In ce da sauƙi, ko in ce an ci gishiri satin nan, ita kuma ta ce wallahi an ci, ta gani da idonta. Ta taɓa cewa tunda ita ce mara lafiyar, lemun da nake kawowa ita ya kamata a riƙa ba. Yanzu kashi biyu nake sayowa.

Duk bayan damina ana sake zana, don ruwa na cinye ta. Duk sabuwar da aka kafa, in na zo sai in tarar da kafar nan a wurinta, an ma naɗe bakinta da tsumma don kada kara ya karce fata. Mai gabu ta rantse ba ita ke yi ba. Ban bincika ba.

A wurin aiki har yanzu ba na jinyar saƙo, malamarmu mai tabarau tana da gaskiya. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo mini saƙon ciwon wani, ina ce masa doka ce sai an fara auna ɗan saƙo. Babu wannan dokar a ko'ina. Na kama mutane da yawa da ita, har da wani limami da ya zo karɓar wa ƙanensa magani, ƙanen da ya rasu tun ina makaranta.

Juma'ar da ta wuce ta sama, na gama awo, lamba ta yi kyau, na kwance ƙyalle. Hannun bai koma ba. Ya juya ya kama wuyan hannuna, yatsu uku daidai wurin da nake danna wa mutane in zan ji bugun jini. Ban san tana lura da yadda nake yi ba. Ta daɗe a haka. Can Adda ta yi gyaran murya.

"Maƙwabciyata tac ce a tambayi ma'aikaciya. Tana da wata ɗiya, ta hwari. Ɗiyar ta rame. Ba ta cin abinci kan lokaci, ga saurin hushi. Ko akwai magani?"

Na ce, "Adda, kin san ba a jinyar saƙo. Sai an kawo ta."

Dakan gabu ya tsaya a can bayan zana.

Ta ce, "Ai ga ta nan. Na riƙe ta."

Mai gabu ta fyace hanci da ƙarfi ta ce albasar bana yaji gare ta. Ni kuwa babu abin da ya rage in auna, kayana na cikin jaka. Na zauna a gaban turmin na jira minti biyar, kamar yadda ƙa'ida ta ce.